Layin da Muka Ja a Kan Sunan Fawwaz

Kafar Lauz, farkon watan Mayu

Jumana,

Kada ki karanta takardar nan a tsaye, kada ki karanta wa ƙawayenki, kuma kada ki ɗauki hotonta ki watsa yadda kuka saba. Nemi wuri ki zauna. Na rubuto da hannuna ne saboda duk maganar da na yi miki ta waya, kafin la'asar sai in ji ta a bakin matan unguwa, har da inda na yi tari.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Bassam da yara. Yaya murar ƙaramar? Ni lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa ta zama 'yar gida. Direban motar Tarabulus zai ba ki kwali: ganyen inabi ne na tsinkar fari, da man zaitun, da garin za'atar na barbaɗawa a burodi. Ki wanke ganyen a can. Nan famfonmu ya daɗe bai ɗiga ba.

Jiya a hanyar asibiti na ga hotonki manne a bangon makaranta, kina murmushi kamar mai tallar man goge baki, a ƙasa an rubuta wai a buɗe ƙofar majalisar gari. A sandar wutar da ke kallon bangon kuma hoton yayanki Nizar ne, cikin jerin 'yan takarar dangi. Ciki ɗaya, nono ɗaya, kuna harara da juna a kan titi. Na ja mayafi na wuce kamar ban san ku ba.

Tun kafin a haife ki, gidajen garin nan ke zama su raba kujerun majalisa goma sha biyu a tsakaninsu. Gidanmu na da ɗaya. Mahaifinku ya zauna a kanta har Allah ya karɓi ransa, bana kuma baffanku Abu Talal ya ce Nizar ne. Ranar zaɓe a ba kowa takardar sunaye a ninke, ya jefa ta kamar yadda take, ya dawo gida ya ci abinci. Ba a taɓa fasa kan kowa ba. Wannan zaman lafiyar ne ke da abokan takararki huɗu kuke kira zalunci.

Kin ce a ɗaki a kulle ake raba ruwan gari. Kin ce Fawwaz mai janareta, da yake shi ma ɗan majalisa ne, shi ke yanke lokacin da injin rijiya zai tashi da unguwar da za a sakar wa, shi ya sa lambunsa ke kore mu kuma muna sayen ruwan tanka. Ni za ki gaya wa? Ni ke wanke kwano da ruwan da na wanke shinkafa. Amma ba kowace gaskiya ce ake hawa bango da ita ba, kuma ƙanwa ba ta gyara gari da zubar da mutuncin wanta.

Bari in tuna miki abin da ƙawayenki ba za su tuna miki ba. Ranar da aka ɗaura miki aure aka ɗauke sunanki daga rajistar garin nan aka kai ta dangin mijinki. Sabuwar doka ta yarda ki tsaya takara a garin haihuwarki, amma ba ta yarda ki jefa ƙuri'a a nan ba. Ke nan ko ƙuri'ar kanki ba ki da ita. Wa zai zaɓe ki? Za a buɗe akwati a gaban maza, a yi ta kiran sunaye, naki a ji shi sau uku ko huɗu, a kwashe da dariya. Ke ki hau mota ki koma Tarabulus, ni ce zan zauna da dariyar.

Baffanku ya zo shekaranjiya, ko gahawa bai taɓa ba. Ya ce, "Ummu Nizar, kaza na cara a gidan ɗan'uwana, ke kuma kina watsa mata tsaba." Na ce masa kazar tawa ce, ni zan kama abata. To, ga shi na miƙo hannu. Ki janye tun da sauran rufin asiri. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Ki gaida Bassam, ki ce masa na ga ƙoƙarinsa, tunda ya iya zuba wa matarsa ido.

Mahaifiyarki,
Wafika

Kafar Lauz, bayan zaɓe

'Yata Jumana,

Assalamu alaikum. Ina fata kin isa gida lafiya, kin sami yara lafiya. Ban fito na yi miki barka ba ranar da kuka cika titi da hon ɗin motoci, kuma ba zan yi miki a takarda ba. Tun ranar ban iya cin abin kirki ba.

Kin fi kowa ƙuri'a, har shi wanda za a ba shugabancin majalisa. Nizar ma ya ci, can wajen ƙasa. Fawwaz ya faɗi. Na san kina ganin jawabanki ne suka yi aiki. To saurara ki ji yadda aka yi.

Da kika ƙi janyewa, hankalina ya ƙi kwanciya da zancen dariyar nan. Ana jibi zaɓe na tsallaka gidan maƙwabciyata Nadima, na ce don darajar zaman tare, idan ta shiga bayan labulen jefa ƙuri'a ta ja layi a kan suna ɗaya cikin jerin dangi, ta rubuta naki a gurbin. Doka ta yarda da haka, ko da yake a garin nan abin kunya ne. Na ce ƙuri'a ɗaya tak, sadaka, don kada 'yar marigayi ta tashi a tutar babu. Ta ce wane suna za ta soke? Na ce wanda ta ga dama, ban da ɗana. Daga nan na shiga gidan gaba, da na gaba da shi. Kowace na ce mata ita kaɗai na roƙa. Ni ma da na shiga bayan labulen, na ciro biro daga cikin hannun riga, na soke Fawwaz, na rubuta Jumana, na bar Nizar a inda yake. Na fito zuciyata wasai, ina cewa na yi adalci irin na uwa: kowa na ba shi rabonsa, kamar yadda nake raba muku kibbe, curin naman nan, kuna yara.

Ban san akwai wata doka ba. Na yi sakandare, ina karanta jarida, amma wallahi ban taɓa jin ta ba, don a garin nan ba a taɓa samun gida ɗaya ya tsaya a jeri biyu ba. Sai da jami'in gunduma ya aiko sannan muka ji: wa da ƙanwa ba sa zama a majalisa ɗaya. Dole ɗaya ya sauka da kansa. In babu wanda ya sauka, shi zai sauke ƙarami a shekaru. Ba ruwan dokar da yawan ƙuri'a. Ke ce ƙarama.

Garin neman gira na rasa ido. Da na bar ki kin faɗi, da yanzu kin yi kukanki kin share hawaye, da Nizar ya zo da kansa ya lallashe ki. Yanzu ɗana da ke zaune a saman benena yana sauka ta matakalar baya don kada mu haɗu. Matarsa Sausan ta dawo mini da tiren abinci ba a buɗe ba. Baffanku ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, ya ce, "An ce biro ya ƙare a kantin gari, Ummu Nizar. Ashe matanmu duk malamai ne."

Ga abin da nake roƙonki, kuma ban saba roƙon 'ya'yana ba. Ki rubuta takardar sauka da hannunki kafin a sauke ki. Sakamakon ɗaya ne, kujerar dai ba za ki zauna a kanta ba. Amma in kin sauka da kanki, za a ce ƙanwa ta girmama wanta, Nizar ya ɗaga kai a cikin maza, ni kuma in tara ku a faranti ɗaya ranar Babbar Sallah. In kika jira aka tuɓe ki, za a ce ya hau kujera a kan wuyan 'yar'uwarsa, kuma wannan tabon ba ya gogewa. Na ga gidajen da 'yan'uwa suka mutu ba sa magana a kan itacen zaitun guda. Ban haife ku don in ga haka ba.

Babba babba ne. Da wannan na raine ku: shi ke fara sa hannu a abinci, shi ke zama gaban mota, in yana magana ki yi shiru. Ba don ya fi ki hankali ba, don gida ya zauna ne. Ƙuri'un nan da kike taƙama da su, na gaya miki, bara na yi miki. Ba a kafa gida a kan sadaka.

Ki ba direba amsa, ko layi biyu ne.

Mahaifiyarki da ba ta barci,
Wafika

Kafar Lauz, ranar Talata

Ɗana Nizar,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Sausan da yara. Ina jin takunku a saman kaina, da haka nake sanin kuna raye. Abin kunya ne uwa ta rubuta wa ɗan da rufin ɗakinta ne daɓen ɗakinsa, amma tunda ka ƙaurace wa matakalar gaba, ga takarda a ƙarƙashin murfin tukunya. Dafa-dukan mujaddara ce, da albasa ta ƙone yadda kake so. In za ka dawo da ita, ka karanta tukuna.

Na rubuta wa ƙanwarka na ce ta sauka. Amsarta layi biyu ce kamar yadda na nema: wai kujerar ba tata ba ce balle ta yi kyauta da ita, ta waɗanda suka rubuta sunanta ce. Na ji haushi ƙwarai. Na ɗauki mayafi na tafi gidan Nadima, don mu haɗa matan da na roƙa su gaya mata da bakinsu cewa tausayi ne, ba zaɓe ba.

Na same su da yawa a tsakar gidan, suna jiran motar tanka, kowace da jarkokinta. Na faɗi abin da ya kawo ni. Nadima ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ummu Nizar, ke da wayonki? Kin zo kina raɗa, kina haɗa mu da Allah, mu kuwa biron yana cikin rigarmu tun kafin ki ɗaura takalmi. Mun ƙyale ki ne ki sami lada." Wata tsohuwa daga unguwar ƙasa, wadda ko ƙofarta ban taka ba, ta ce ita ba ta iya rubutu ba, sati ta yi tana koyon zana sunan Jumana a bayan kwalin magani. Ta ce, "Mijina ya ba ni takarda ya ce kamar yadda take. Na ce to. Labule dai ba ya kai rahoto." Suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Na tambaye su, to me ya sa kowaccensu Fawwaz ta soke? Nadima ta buga jarkar da ke hannunta, ta yi ƙara irin ta abin da ba komai a ciki, ta ce ga dalili nan.

Na dawo gida na zauna. Na ce wa 'yata bara na yi mata, ashe ƙarya na faɗa ban sani ba. Matan nan ba sadaka suka bayar ba. Aike suka yi.

An ce ko wane ne ya sauka a cikinku, kujerar da ta rage Fawwaz za ta koma wa, don shi ke bin baya a ƙuri'a. Ke nan zai dawo, babu makawa. Abin da ya rage shi ne wa zai zauna yana kallonsa idan aka zo rabon ruwa. Kai na haife ka, na san ka. Kana da kirki, kana da kunya, ba ka taɓa musu da wanda ya girme ka ba, don ni na hana ka. Fawwaz abokin baffanka ne. In ya yi magana za ka dubi ƙasa. Jumana kuwa ko limami sai ta tambaye shi hujja, abin da na yi ta dukanta a kai ke nan bai fita ba.

Don haka na juyo gare ka. Ka sauka, ɗana. Na san abin da nake nema. Na san baffanka zai ce ka sayar da kujerar ubanka saboda mace, maza za su yi maka shaguɓe a wurin aski, wataƙila a daina kiranka zaman dangi. Amma kai ka san mutane nawa suka rubuta sunanta da hannunsu, alhali naka a buge ya zo a takarda, barinsa kawai aka yi. Abin da ba a ba ka ba, ko doka ta miƙo maka, karɓarsa ƙwace ne. Ban raini ɓarawo ba. Girma ba a ranar haihuwa yake ba, wanda ya iya haƙura shi ne babba.

Jami'in gunduma ba zai jira mu ba. Ka sauko ta matakalar gaba, ko zagina za ka yi. Ni na ɓata, na roƙi wannan ta bar wa wancan, yanzu ina roƙon wancan ya bar wa wannan, kamar mai ɗinkin da ta yanka ƙyalle ba ta auna ba. Ban san abin da zan yi ba in kuka ƙi ni ku biyun.

Mahaifiyarka,
Wafika

Kafar Lauz, farkon watan Yuni

Nizar da Jumana,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya da iyalanku. Takardar nan biyu na rubuta, kalma ɗaya ba ta bambanta ba, ɗaya ta hau bene, ɗaya ta hau mota, don kada wani ya ce an yi masa raɗa.

Abin da zai faru ya faru. Babu wanda ya sauka, an sauke Jumana. Fawwaz ya yanka raguna, an yi ta harba bindiga sama a unguwarsu, mu kuma a tamu yara na bin motar tanka. Nizar, ka cinye mujaddarar, ka dawo da tukunya a wanke. Na ga shigarka zaman farko da kwat ɗin mahaifinku, kafaɗun sun yi maka yawa. An rufe ƙofa kamar kullum. Matan da suka je suka tsaya a rana, mai gadi ya ce musu ba a gayyace su ba. Jumana, kin aiko da direba ya ce mini ba za ki sake taka gidan da ɓarawon kujerarki ke kwana a samansa ba, wai yara ma sai dai in zo Tarabulus in gan su.

Na yi kuka, na gama. Tsohuwar nan ta unguwar ƙasa ta tare ni a hanya ta ce, "Hajiya, sunan da na koya, yanzu ina zan kai shi?" Na shekara sittin da wani abu ina gaya wa mutane daidai da ba daidai ba, ranar nan bakina ya mutu.

Ba ni da iko da doka, ba ni da iko da baffanku, ba ni da mabuɗin ƙofar majalisa. Amma gidan nan da sunana yake, bene da ƙasa, kuma ban mutu ba. Dokar da ta raba ku, da na duba, tawa ce aka buga wa hatimi: babba ya ci, ƙarami ya yi shiru. Ni na kafa ta a gidan nan, ni kuma nake soke ta yau.

Nizar, ka riƙe kujera, to ka riƙe ta da nauyinta. Ba kai kaɗai ke zaune a kanta ba, akwai matan da suka rubuta wani suna aka ba su kai. Jumana, kin ce kujerar ta mutane ce. Mutanen suna nan ba su ƙaura ba, jarkokinsu ma suna nan. In fushi ya sa kika bar su, to ashe hotonki kika so a bango, ba ruwa a famfo ba.

Ban sani ba ko za ku zo. Mai yiwuwa in shimfiɗa tabarma in zauna ni kaɗai da Nadima. Ko da haka ne zan shimfiɗa. Wanda ya ƙi zuwa, kada ya zo ɗaukar makarata, kuma na gaya wa liman haka a gaban shaidu.

Ga dokar gidana daga wannan makon. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ƙofar gidan nan a buɗe take har bango, duk matar da ta ga dama ta shigo ta zauna. Tukunya na kan wuta, amma ba za a buɗe ta ba sai Nizar ya miƙe tsaye ya faɗi abin da aka yanke a majalisa, wa ya ce me, shi kuma ina ya ɗaga hannunsa. Jumana ta tambaye shi, ba zagi, ba gori, duk wadda ke da tambaya ta bi bayanta. A gidan nan ƙarami ke tambaya, babba ya ba da amsa, sannan a zuba abinci.

Mahaifiyarku,
Wafika